Dokar farautar kyarkeci a Idaho da Montana: tsare garke ake yi ko ƙare dangi?

Nura (Bozeman): Assalamu alaikum 'yan zaure, manya da ƙanana. Kwana biyu karatu ya ɓoye ni. Wani abu ne ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan, tunda akwai mutanenmu da ke zaune a jihohin Idaho da Montana na Amurka, a can suke biyan haraji.

A 2021 majalisun jihohin nan biyu suka yi sabbin dokoki kan kyarkeci. Ta Idaho, wadda Gwamna Brad Little ya sa wa hannu a watan Mayu, ta ba da damar a rage kyarketan jihar daga kusan 1,500 har zuwa 150. Ta cire iyakar yawan da mutum ɗaya zai kashe. Ta yarda a bi su da babur ɗin kan dusar ƙanƙara, a harbe su cikin dare da madubin gani a duhu, a ɗana tarko shekara zagaye a filin da mutum ya mallaka, a kuma ɗauko 'yan kwangila a biya su su kashe. Hukumar kula da namun daji ta jihar, wadda aikinta ke nan, ta fito ta ce ba ta goyon baya. Ba a saurare ta ba.

Nan Montana kuwa aka halatta tarkon zarge, aka ƙara tsawon lokacin tarko, aka yarda a sa nama a jawo su, aka ce mutum ɗaya zai iya kashe 20 a kaka guda. Har da dokar da ta ba ƙungiyoyi damar biyan mafarauci kuɗi in ya kawo shaidar ya kashe. Sun sa masa suna mayar da kuɗin da ya kashe wajen farauta. Ni dai lada nake gani a kan kowane kai.

Ban ce kada a taɓa kyarkeci ba. In ya shiga garke, mai garke ya kare dukiyarsa. Amma wannan ya wuce tsaron garke. Kuma duk zaman majalisa sai an kawo wani ƙudirin da ya fi na baya zafi. Me kuke gani?

Ɗan Azare: Wa alaikumus salam. Nura, lallai ka ƙoshi. Mu nan 'yan bindiga sun hana mu noma, buhun masara ya gagari talaka, kai kana can kana yi wa kyarkecin Turawa kuka.

Nura (Bozeman): Yaya, Allah ya kawo mana ƙarshen waɗancan masifu, ni ma iyayena suna can. Amma zauren nan ai mun yi kwana uku a kan ƙwallon Ingila ba wanda ya ce mun ƙoshi.

Ɗan Azare: To ka kama ni. Ci gaba.

Alhaji Bala Mai Shanu: Yaro, ka taɓa kiwo? Ba da faɗa nake tambaya ba. Ni na taɓa wayar gari na tarar kura ta farke min cikin maraƙi, uwar tana tsaye a kansa tana kuka har azahar. Wanda bai ga wannan ba, da sauƙi ya ce a bar naman daji ya sha iska. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In makiyayan can sun je wurin 'yan majalisarsu sun ce abin nan ya ishe mu, aka yi musu doka, ni ban ga laifi ba. Da mu ma za a saurari makiyayi haka, ai da mun gode.

Kawu Isa: Ku tsaya tukuna. Wane kyarkecin ake magana? Wanda na sani muna yara a dajin Bauchi, dabbare-dabbare ne jikinsa, baƙi da fari da ruwan ƙasa, ga kunnuwa fato-fato, ga wari. Su kan fito goma, ashirin, su sa barewa a gaba har ta gaji. Shi ne a Amurka, cikin ƙanƙara?

Dakta Zainab: A'a Kawu, ba shi ba ne, dangi ne dai na nesa. Naku karen dajin Afirka ne, nauyinsa bai fi kilo 25 zuwa 30 ba. Na can ruwan toka ne galibi, akwai baƙaƙe, namiji kan kai kilo 45 ko 50. Sunan ne muka ara masa tunda shi ma a ƙungiya yake farauta. Kuma Kawu, yaushe rabonku da ganin naku?

Kawu Isa: Kai, 'yata, an haura shekara arba'in. Ko sawunsa ban ƙara gani ba.

Dakta Zainab: To a duk Afirka ta Yamma, inda aka tabbata yana nan sai dajin Niokolo-Koba a Senegal, su ma 'yan kaɗan.

Sale (Boise): Salamu alaikum. Bari in sa baki, don ni a Idaho nake, shekara goma sha ɗaya, babbar mota nake ja, ciyawa da abincin dabbobi nake kai wa masu kiwon nan. Ina cin abinci da su, ina jin abin da suke faɗa. Nura ƙanena ne amma ya kawo rabin labari.

Kyarketan nan ba da kansu suka cika jihar ba. Gwamnatin tarayya ce ta kamo su daga Kanada a 1995 da 1996, ta saki 35 a tsakiyar Idaho, 31 a dajin Yellowstone, babban gandun gwamnati. Mutanen karkara ba su so ba, aka ce musu ku yi haƙuri, in sun kai 300 a jihohi uku, Idaho da Montana da Wyoming, da ma'aurata 30 masu haihuwa, za a cire su daga jerin dabbobin da ake karewa, a miƙa wa jihohi. A 2002 aka kai adadin. Sai ƙara a kan ƙara a kotu, shekara tara ana jan mutane, sai 2011 majalisar tarayya ta cire su da kanta a Idaho da Montana. Mutumin da aka yi wa alkawarin 300 ya wayi gari da 1,500 a jiharsa kaɗai, ka ce kada ya fusata?

Sannan ɓarnar ba wasa ba ce. A watan Agusta na 2013, kusa da garin Victor, kyarketai biyu kacal suka kori garken tumaki cikin dare, 176 suka mutu. Yawancinsu ma ba cizo ba ne, tsoro ne ya sa suka hau kan juna suka shaƙe. Ka tsaya a gaban mai tumakin nan ka yi masa bayanin daidaiton halittu mu gani.

Alhaji Bala Mai Shanu: Innalillahi. Ɗari da saba'in da shida a dare ɗaya! Sale, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ke bakina.

Nura (Bozeman): Yaya Sale, duk abin da ka faɗa haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Amma 300 ɗin nan ƙasan ma'auni ne, wato kada a gaza haka. Ba a ce kada a wuce ba. Kuma tun 2011 ai ana farautarsu a Idaho, ɗaruruwa ake kashewa duk shekara, a ƙarƙashin hukumar da ke da masana da ƙidaya. Mai kiwo kuma da ma doka ta ba shi damar harbe wanda ya tarar a kan dabbarsa, akwai kuma diyya in an tabbatar. Me ya rage da sai 'yan majalisa sun karɓe aikin daga hannun hukuma sun rubuta a doka cewa a bi dabba da babur?

Ga lissafi kuma. Idaho tana da shanu kusan miliyan biyu da rabi. Waɗanda ake tabbatar da kyarkeci ya kashe a shekara, shanu da tumaki haɗe, yawanci ɗari ne da wani abu. Cuta da sanyi da wahalar haihuwa sun fi kashe su nesa ba kusa ba.

Sale (Boise): Kalmar "tabbatar" ɗin nan ita ce matsalar. Saniya ta ɓace a tsauni, bayan wata biyu ka tsinci ƙashi, wa zai tabbatar maka? Ba diyya. Ga ramar da dabba ke yi saboda firgici, ga ɓarin ciki. Kuma miliyan biyu da rabin nan da yawa shanun madara ne a killace a kudancin jihar, inda kyarkeci ba ya zuwa. Asarar a kan mutane ƙalilan take sauka, waɗanda ke kiwo a bakin daji. In ka raba ta a kan jiha duka sai ta zama ba komai, shi kuwa wanda ta faɗa wa ta karya shi.

Dakta Zainab: Wannan magana ta Malam Sale gaskiya ce, kuma ita ce ma ta sa nake ganin dokar ba ta yi wa mai kiwo aiki. In asarar a wurare sanannu take, a can ya kamata a sa ƙarfi. Kyarkecin da aka zarge a tsakiyar daji, tafiyar kwana biyu daga garke mafi kusa, mutuwarsa ba ta tsare tunkiyar kowa ba.

Akwai kuma wani abu game da yadda suke rayuwa. Ƙungiyar kyarkeci gida ne: uwa da uba da 'ya'yansu na shekaru biyu ko uku. Manyan ne suka san yadda ake kayar da babbar barewar nan da suke kira elk, wadda ta kusa kai saniya. In tarko ya ɗauke uwa ko uba, gidan kan watse, ƙananan su bazu. Matashin da bai iya farauta ba, ga yunwa, me ya fi masa sauƙi? Tunkiya. Masana ba su gama daidaita baki a kan yawan tasirin wannan ba, amma kisan da ba ya zaɓe ba ya ba da tabbacin raguwar ɓarna.

A gundumar Blaine, can Idaho ɗin, tun 2008 ake wani aiki a kwarin Wood River. Dubban tumaki ke ratsa ƙasar kyarkeci duk bazara. Sai aka ƙara karnukan gadi, makiyayi ya kwana kusa da garke, a kunna fitilu, a ja igiya mai jajayen ƙyallaye a kewaye makwanci, don kyarkeci na tsoron abin da bai saba gani ba. Da aka auna shekaru bakwai, asarar tumaki a inda ake wannan ta yi ƙasa da ta maƙwabta fiye da ninki uku.

Sale (Boise): Na san wurin. Makiyayan ma yawancinsu 'yan ƙasar Peru ne da ake kawowa da bizar aiki, mutum ya yi wata da watanni shi kaɗai da doki da karnuka. Amma Dakta, tumaki a dunƙule suke kwana. Shanu kuwa sakinsu ake yi a tsauni, fili ya fi ƙaramar hukuma girma. Igiyar ƙyalle nawa za ki ja?

Dakta Zainab: Ba ta yi wa shanu a irin wannan fili, na yarda. Can sai masu sintiri a kan doki, kuma da tsada. To kuɗin da jiha ke ware wa kisa, a raba mana a biya masu sintirin.

Maman Ilham: Sannunku da muhawara. Ina aiki ne, sai yanzu na karanta. Ni a Wisconsin nake, kuma mun ga abin da ke faruwa in aka rubuta farauta a cikin doka. Tun 2012 dokar jiharmu ta ce duk lokacin da tarayya ta cire kariya, dole a buɗe farautar kyarkeci. Dole, ba in hukuma ta ga dama ba. A watan Janairu na 2021 aka cire kariyar. Hukuma ta ce a bari sai Nuwamba ta shirya. Wata ƙungiyar mafarauta ta kai ƙara, alƙali ya ce doka ce, a buɗe yanzu. Aka buɗe a ƙarshen Fabrairu, daidai lokacin barbararsu, mata da yawa da ciki.

An ware kyarketai 200 da za a kashe. Mafarautan jiha 119, ƙabilun Ojibwe, 'yan asalin ƙasar, 81 bisa tsohuwar yarjejeniyarsu da gwamnati. Su Ojibwe ɗan uwa suke ɗaukar kyarkeci, Ma'iingan suke ce masa, sun karɓi kasonsu ne don kada a kashe. Kafin kwana uku su cika an kashe 218. Akasari da karnukan farauta aka bi su a kan ƙanƙara, inda sawu ba ya ɓuya. Kafin hukuma ta rufe, an cinye na jiha an haɗa da na Ojibwe. Wata abokiyar aikina 'yar ƙabilar ce, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Kawu Isa: Da ciki? Subhanallah. Mu da ba mu yi boko ba, farauta ta rani ce. Damina ta faɗi, nama na da ciki ko goyo, Sarkin Baka ba zai yarda a shiga daji ba. In ka kashe mai ciki, bana ka ci, baɗi ka ci me?

Kuma zargen nan da Nura ya ambata, ni na san shi. Da wayar birkin babur yaran yanzu ke yi. Ba ya tambayar sunan wanda ya zo. Ka ɗana wa gada, ka tarar da karen maƙwabci, ko ɗan akuya, ko dila ya ruɓe a ciki don mai tarkon ya manta inda ya sa. Maharbin kirki yana ganin abin da zai harba. Mai zarge yana gida yana barci.

Nura (Bozeman): Kawu, kamar kuna nan. A Idaho doka ta ba mai tarko awa 72 kafin ya leƙa, a Montana awa 48 ga tarkon kyarkeci. Kwana uku dabba na fama da waya a wuya ko ƙarfe a ƙafa, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Kuma yana kama abin da ba a nufa ba: karnukan mutane, zakin tsauni, har da beyar ɗin grizzly wadda dokar tarayya ke karewa. Saboda beyar ɗin ne ma wani alƙalin tarayya, Donald Molloy, ya taƙaita lokacin tarkon a yammacin Montana a ƙarshen 2023, ya ce sai daga 1 ga Janairu zuwa 15 ga Fabrairu, lokacin da take kwance a rami. A 2024 wata kotun ta yi makamancin haka a Idaho.

A New Mexico, zarge ya shaƙe wata karya mai suna Roxy a 2018, a gaban mai ita, suna yawo a filin gwamnati. Ya kasa kwance wayar har ta mutu. A 2021 jihar ta hana tarko da zarge da guba a filayen gwamnati, ana kiran dokar da sunan karyar. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, wata jiha ta hana, wata ta faɗaɗa.

Ɗan Azare: Karya ta samu doka da sunanta. Allah ka ba mu darajar karyar Amurka.

Shugaban zaure: Ɗan Azare, a bar mutane su yi magana. Malam Habu, muna ganin kuna karantawa, me addini ya ce?

Malam Habu: Bismillah. Gaskiyar kowane ɓangare akwai ta a littafi. Hadisi ya ambaci dabbobi biyar da ake kashewa ko a cikin Harami, daga ciki akwai kare mai cizo, kuma Imamu Malik ya fassara shi da duk naman dajin da ke afka wa mutane, ya ambaci zaki da damisa da kyarkeci. Don haka Alhaji Bala, wanda ya kashe abin da ya addabi dukiyarsa bai yi laifi ba.

Amma an kuma ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Yana cikin Arba'una, yaranmu na Islamiyya sun haddace shi. An hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Dabbar da za a bari kwana uku a tarko, ko a bi ta da inji har numfashinta ya ƙare, ban san ta inda za a shigar da wannan cikin kyautatawa ba. Izinin kashe mai cutarwa daban, izinin shafe jinsi daban. Alƙur'ani ya ce dabbobi al'ummai ne kamar mu.

Kuma kada mu manta, a Suratu Yusuf an taɓa ɗora wa kyarkeci jinin da bai zubar ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Maganar bin dabba da inji ta tuna min da Wyoming. Can a kusan kashi 85 cikin ɗari na jihar, kyarkeci ba shi da wata kariya, a kashe shi kowane lokaci, ba lasisi. A Fabrairun 2024 wani mutum ya take wata matashiyar kyarkeci da babur ɗin ƙanƙara, ya naɗe mata baki da salatif, ya kai ta mashaya a garin Daniel ana ɗaukar hoto, daga baya ya kashe ta. Tarar da aka fara yi masa dala 250 ce, ita ma don ya riƙe naman daji da rai ne, ba don azabar ba.

Sale (Boise): Wannan kam ko mafarautan da na sani sun tsine masa. Ba farauta ba ce, rashin imani ne. Kada a shafa wa kowa.

Amma Nura, ina da tambaya. An yi ta ihu a 2021 cewa za a kashe kashi 90. Shekaru sun wuce. Ƙidayar hukuma ta 2023 ta nuna kusan 1,150. Ina ƙarewar? Kyarkeci na haihuwar huɗu, biyar duk shekara, ƙasar kuma tsaunuka ce, ba a iya gama shi. Masu adawa sun zuzuta abin don su tara gudummawa.

Sannan ba ka ambaci mafarautan elk ba. A yankin Lolo na Idaho, elk sun kai 16,000 a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo wajen 2,000 a 2010. Mutumin ƙauye da elk ɗaya yake cika firjinsa na shekara. Kuma kuɗin lasisinsa da harajin bindiga da harsashi su ke riƙe da hukumar namun dajin. Mai ɗaukar hoto nawa yake biya?

Nura (Bozeman): Na yarda ba a kai 150 ba, kuma na yarda wasu ƙungiyoyi sun yi amfani da lambar don tayar da hankali. Amma Yaya, rashin iya gamawa ba shi ne ya mayar da dokar daidai ba. Kuma a 2023 hukumar Idaho ta amince da shirin da zai sauko da su wajen 500. Hanyar dai ita ake bi.

Lolo kuwa, elk sun fara raguwa tun kafin kyarkeci ya yi yawa, daji ya rufe, ciyawa ta ragu, ga mugun sanyin 1996 zuwa 1997. Kyarkeci ya ƙara, ban musa ba. Amma a jihar gaba ɗaya elk na nan wajen 120,000, ba su gaza yadda suke kafin a kawo kyarketai ba.

Bari in faɗi wanda ya fi ci min rai, don a ƙofar gidana ya faru. A cikin Yellowstone ba a farauta. Kyarketan ciki sun saba ganin mutane da motoci da kyamara, ba sa gudu. Amma ba su san iyaka ba, in elk suka gangara arewa lokacin sanyi sai su bi su. Da can, a yankuna biyu na Montana da ke manne da dajin, ɗaya-ɗaya aka yarda a kashe. A 2021 aka cire wannan iyaka. A sanyin 2021 zuwa 2022 kaɗai aka kashe 25 daga kyarketan Yellowstone, 19 a Montana, wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk waɗanda ke dajin. Wata ƙungiya da ake kira Phantom Lake ta ƙare gaba ɗaya. Waɗannan ba masu cin shanu ba ne. Sai da masu masauki da masu kai baƙi kallo a garin Gardiner suka yi ca, don abincinsu ke nan, sannan a 2022 aka dawo da iyaka, aka ce shida.

Shi kansa gwamnanmu, Greg Gianforte, a Fabrairun 2021 ya kama wani mai ɗauke da na'urar bincike a wuya a tarko, a wajen dajin, ya harbe shi, alhali bai yi kwas ɗin da doka ta wajabta wa masu tarkon kyarkeci ba. Takardar gargaɗi aka ba shi. Bayan 'yan makonni shi ya sa hannu a dokokin.

Ɗan Azare: An ba kura ajiyar nama ke nan. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Alhaji Bala Mai Shanu: To na ji. Wanda ke cikin gandun gwamnati, yana cin naman dajinsa, mutane na biyan kuɗi su kalle shi, a yi masa kwanto a bakin iyaka, wannan ban goyi baya ba. Da mai ciki. Amma har yanzu ina nan a kan bakana: ɗan birni ba zai yanke wa makiyayi hukunci ba.

Dakta Zainab: Alhaji, an yi irin wannan a Colorado. A 2020 aka jefa ƙuri'a kan a dawo da kyarkeci, ta ci da ƙyar, kashi 51 bai cika ba, kuma ƙuri'un birane ne suka rinjaya. A Disambar 2023 aka saki goma da aka kamo daga Oregon, a ƙasar makiyayan da suka ce ba sa so. Ni wannan ma bai kwanta min ba. Ɗan majalisa ya rubuta yawan da za a kashe, ko ɗan birni ya jefa ƙuri'a kan inda za a saki, duka biyun an tsallake waɗanda suka san dabbar da waɗanda za su zauna da ita.

Kawu Isa: Mu nan ba majalisar da ta zauna ta ce a ƙare zaki. Guba ce ta yi aikin. Zaki ko kura ya kashe saniya, mai ita ya zuba maganin ƙwarin gona a mushen. Zakin ya dawo ya ci, kura ta ci, dila ya ci, ungulu hamsin su sauka su ci. Ina yaro in ka kwana kusa da Yankari kana jin gurnani har cikin ƙirjinka. Yanzu ma'aikatan dajin kansu sai su daɗe ba su ga ɗaya ba. Ungulu ma da ke cika mahauta, ku duba ku gani ko akwai.

Alhaji Bala Mai Shanu: Malam Isa, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce hannun mutanenmu ba ya ciki ba. Amma wa ya taɓa biyan mu diyyar ko ɗan maraƙi?

Kawu Isa: Ba kowa, Alhaji. Shi ya sa ban zage su ba.

Maman Ilham: Nura, to mu da ke nan me za mu iya? Ni ko takardar zama ɗan ƙasa ban samu ba tukuna.

Nura (Bozeman): Anti, ba sai da ita ba. In hukumar namun daji za ta tsayar da ƙa'idar kaka, tana buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a, kowa na iya rubutawa ta intanet. Majalisar Montana kuma a shekarun mara take zama, daga Janairu, kuma kwamiti na sauraron mutane kafin ƙudiri ya wuce, ana iya magana ta Zoom. Minti ɗaya ko biyu ake ba ka. Na taɓa yi, muryata na rawa. Abin da na lura, wasiƙar da aka kwafo daga ƙungiya mutum dubu suka turo iri ɗaya, ba ta da nauyi. Wadda ke shiga ita ce ta mazaunin gunduma da ya ambaci lambar ƙudirin, ya ce ga sashen da ban yarda da shi ba, ga dalili. Wanda ya fi kowa tasiri kuwa shi ne mafarauci ko mai kiwo da ya tashi ya ce ni ina farauta amma zarge da bin dabba da babur ba da ni ba. Irin su Yaya Sale ke cin abinci da su.

Sale (Boise): Kai dai ka iya jawo mutum. Ba zan sa hannu a takardar hana farauta ba, ka sani. Ta zarge da ta babur, zan duba. Amma da sharaɗi: in an yi hutu ka sauko, in kai ka wurin wani dattijo mai tumaki da nake kai wa ciyawa, ka zauna ka ji daga bakinsa. Ba ka zo da lissafin miliyan biyu da rabi ba.

Nura (Bozeman): Na yarda. Kai za ka sayi man mota.

Alhaji Bala Mai Shanu: Dakta, igiyar nan mai jan ƙyalle, tana yi wa kura?

Dakta Zainab: Kura ba ta da kunyar kyarkeci, Alhaji, kuma shi ma bayan wata biyu ko uku yake sabawa da ƙyallen. Abin da makiyayan Kenya ke yi shi ne fitilu masu ƙyaftawa a kewayen shinge, da ƙaramin faifan sola da batir, sai dabba ta ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila. Wani yaro Bamasaye ne ya ƙirƙiro a gefen Nairobi saboda zakuna. Amma sai shingen kansa ya yi ƙarfi, in ba haka ba shanun ne za su fasa shi da kansu in sun ji wari.

Alhaji Bala Mai Shanu: A turo min hoton yadda ake haɗawa. Akwai yaron da ke gyara min sola a kasuwa, gobe in Allah ya kai mu zan nuna masa.